Kafin a Rushe Rumfa: Kasuwar Tambuwal da Kebbe, Wa Za a Gina Wa?

Duk ɗalibin da ya taɓa tashi daga Sakkwato ya nufi gida ta hanyar Jega a ranar da kasuwar Tambuwal ke ci, ba ya bukatar a ba shi labarin abin da za mu faɗa. Mota takan baro Boɗinga da Shagari da Dogon Daji da gudunta, amma da zarar ta doso Tambuwal sai direba ya fara taka birki yana matsa ƙaho, don kuwa titin ya daina zama nasa shi kaɗai. Ga amalanke ɗauke da buhunan gero, ga 'yan kabu-kabu suna kutsawa, ga yarinya da ƙwaryar fura a ka tana jiran tirela ta gifta ta tsallaka, ga tsoho da akuya a igiya, shi yana ja ita tana tirjewa. Fasinja sai ka ji suna tsaki, wani ya ce ai da gwamnati ta kwashe mutanen nan ta kai su bayan gari da kowa ya huta. Mu ma mun sha faɗin haka muna cikin mota. Sai da muka sauka muka taka da ƙafa sannan muka gane ashe maganar mai mota muke yi, alhali kuwa yawancinmu ko keke ba mu mallaka ba.

Wannan titi shi ne babbar hanyar da ta taso daga Legas, ta bi ta Ilori da Jaba da Kwantagora da Yawuri, ta ratsa Tambuwal ta isa Sakkwato, wajen kilomita 100 daga nan, ta zarce har Illela bakin iyakar Nijar. Garin kuwa ya girme wa kwaltar nesa ba kusa ba. Tun zamanin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna a Tambuwal ake saye da sayarwa a nan, kuma da ƙafa da jaki da raƙumi ake kawo kayan. Da kwalta ta zo sai ciniki ya bi ta, kamar yadda ya yi a kowane gari: mai shayi ya kafa teburinsa inda mota ke tsayawa, mai faci ya zauna kusa da shi, mai tsire ya hura wutarsa, aka yi shago, aka yi gidan mai, har bakin titin ya zama wata kasuwa ta biyu wadda ke ci kullum. Ba wanda ya zana ta a takarda. To, wata rana za a zo a zana, domin babu kakar zaɓen da ke wucewa ba a yi wa wani gari alkawarin "kasuwar zamani" ba. Dalilin wannan rubutu ke nan: muna son a yi gardamar tun takarda tana fara, kafin ɗan kwangila ya kawo katafila.

Mun san fasalin abin da ake kira kasuwar zamani, domin mun gan shi a garuruwa da dama. Akan nemi fili a bayan gari inda ƙasa ke da araha, a kewaye shi da katanga, a yi ƙofa ɗaya ko biyu, a jera shagunan bulo masu ƙofar ƙarfe, a bar wani makeken fili a gaba don ajiye motoci, a sare duk wata bishiya da ta tsaya a hanya. Ranar buɗewa a yanka kirtani, a yi jawabi, a ɗauki hoto. Bayan shekara guda ka koma, sai ka tarar da rabin shagunan a kulle, masu su suna Sakkwato ko Abuja suna jiran haya ta yi tsada, 'yan kasuwar ainihi kuma sun koma bakin titi inda aka kore su, sai dai yanzu an laƙaba musu sunan masu karya doka. Wannan shi ne ci gaban mai haƙar rijiya.

Laifin bai tsaya ga rabon shaguna kawai ba, tun daga lissafin farko aka kuskure. Mai zanen ya ɗauka cewa ɗan kasuwa shi ne mai shago, mai saye kuma shi ne mai mota. A Tambuwal kuwa, mu ƙidaya da idonmu. Matar da ta taso daga ruga da nono tun da asuba, da mai mudu biyu na daddawa, da ɗan koli mai shimfiɗa a ƙasa, da wanzami, da baduku, da ɗan dako mai baro, da makahon da yaro ke ja, su ne mafi yawan masu cin abinci a kasuwa, kuma babu ɗayansu da ke bukatar shago mai kwaɗo. Abin da suke bukata shi ne inuwa, da ɗan wurin zama da ba za a tashe su ba, da hanyar da masu saye za su bi ta gabansu. Jarin mai tebur duka shi ne ƙafar jama'a. In ka ɗauke shi daga inda ƙafa ke bi ka kai shi lungu, ko da ka ba shi wurin kyauta, ka karya shi.

Ga kuma nisa, wanda mai zama a ofis ba ya jin nauyinsa. Lafiyayyen mutum da ba ya ɗauke da kome yakan ci kilomita guda cikin minti 12 zuwa 15. In aka mai da kasuwa kilomita uku a bayan gari, an ɗora wa mai ƙafa tafiyar kusan minti 45 zuwa, 45 dawowa, a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40. Wanda ba zai iya ba sai ya hau kabu-kabu, kuɗin kabu-kabu kuwa kowa ya san inda ya kai tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuma aljihunmu bai bar mu mun manta ba. Mai ribar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, in ta biya zuwa da dawowa, me ya rage mata? Haraji ne aka aza mata wanda ba ya shiga baitulmalin kowa.

Za a ce mana, to cunkoson fa? Haɗarin fa? Shin mun fi son tirela ta ci gaba da ratsa tsakiyar mutane? Ba mu raina wannan tambaya ba, ita ce ma mafi nauyi a cikin zancen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu kuma masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kana nahiyarmu ta Afirka ce ta fi kowace yawan mutuwa in aka gwada da yawan jama'a. Amma mu dubi abin da ke kisan. Gudu ne. Duk wanda ya yi karatun kimiyya a sakandare ya san cewa in gudun mota ya ninka sau biyu, ƙarfin bugunta yakan ninka sau huɗu, haka kuma tazarar da za ta ci bayan an taka birki. Shi ya sa taron ministocin duniya da aka yi a Sitokholm a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 cikin awa a duk inda motoci ke cakuɗuwa da masu ƙafa. Faɗaɗa titi a tsakiyar gari ba tare da wani abin da zai tilasta rage gudu ba, gayyatar direba ce ya ƙara wuta. Mutanen da aka kora kuma za su dawo tsallakawa, domin masallaci da makaranta da asibiti da gidan kawu ba su tashi daga tsallaken titi ba.

Saboda haka abin da ya kamata a matsar shi ne babbar mota. Tirelar da ta ɗauko kaya daga kudu za ta Illela ba ta da wata hulɗa da tsakiyar Tambuwal in ban da shan shayin direba. Hanyar kewaye gari ita ce maganin dindindin, amma aiki ne na Gwamnatin Tarayya, mai tsada, mai jinkiri, kuma ba ma son a fake da shi a ƙi yin abin da ake iyawa yau. Tudun rage gudu da aka yi bisa ƙa'ida a mashigar gari da mafitarsa, wurin tsallakawa mai ɗan tudu a gaban makaranta da ƙofar kasuwa, tsibiri a tsakiyar titi inda tsohuwa za ta tsaya ta numfasa kafin ta ƙarasa, dakalin tafiya a gefe wanda ya ɗara kwalta tsawo don kada mota ta hau, da fili a wajen gari inda manyan motoci za su sauke kaya amalanke da kura su shigo da shi: duk waɗannan in aka haɗa kuɗinsu ba su kai na katanga da ƙofar ado ba. Sai dai ba su da kyau a hoton ranar buɗewa, kuma muna zargin wannan ne babban aibinsu.

Bari mu ɗan tsaya a kan inuwa, domin a ƙasar Sakkwato duk zancen tafiya da ƙafa zancen inuwa ne. Magabatanmu sun san haka. Kasuwannin ƙauye har gobe a gindin tsamiya da kuka da dogon yaro suke ci. Rufin kwano maras tsawo kuwa tanda ce, mai tumatir da mai nono sun fi kowa sanin asarar da yake jawowa kafin la'asar. Muna roƙon duk injiniyan da aikin nan zai faɗo hannunsa ya fara da zana bishiyoyin da ke tsaye a taswirarsa, ya bi da layukan rumfuna ta gefensu. Bishiyar da aka sare cikin rabin awa, sai an yi shekara goma ana ban ruwa ana korar awaki kafin a mai da kamarta. Daga inuwa sai ruwan sha, sai bandaki na maza daban na mata daban, sai magudanar da za ta kwashe ruwan damina da na mahauta. Matan da ke yini a kasuwa ba su cika faɗin wannan bukata a gaban taro ba, don kunya, shi ya sa ba a cika sa ta a lissafi ba.

Akwai kuma darasin wuta. A watan Janairun 2021 gobara ta cinye wani babban sashe na babbar kasuwar Sakkwato, kafin nan kuma a Maris na 2016 kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ga irin tata. Layin da aka bari a buɗe don masu ƙafa, shi ne dai layin da motar kashe gobara za ta bi, shi ne kuma wanda mutane za su tsere ta ciki. Ana fara sayar da shi taku-taku ga masu neman ƙarin shago, an rufe ƙofar tsira.

To, yanzu ga zancen adalci, wanda in babu shi duk abin da muka lissafa ado ne kawai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a, ta kuma tanadi diyya ga mai haƙƙin zama a kan abin da ya gina ko ya shuka. Mai shagon bulo da takarda a hannu yana da abin nunawa. Amma mai rumfar zana wanda ya gaji wurin daga ubansa, wanda shekara talatin yana biyan kuɗin tikiti kowace ranar kasuwa, me zai nuna? Abin da ya mallaka shi ne sanin da masu saye suka yi wa wurinsa, wannan kuwa safiyo ba ya iya auna shi da igiya. Ko takardar ma ba kullum take ceto ba: a Kano, shagunan da aka gina a Filin Idi da izinin wata gwamnati, wadda ta gaje ta ta rushe su a watan Yunin 2023, magana ta kai har kotu. In haka ta sami masu takarda, ina ga mai zana?

Shawararmu a nan ɗaya ce, kuma a kanta muka fi dagewa. Kada a cire ko da ƙusa guda sai an ƙidaya. A bi rumfa-rumfa, tebur-tebur, shimfiɗa-shimfiɗa, a ranar kasuwa da ranar da ba ta kasuwa ba, da rani da damina, a rubuta sunan kowa da sana'arsa da inda yake zama. A karanta jerin a bainar jama'a a gaban Sarkin Kasuwa da shugabannin kowace sana'a, a liƙa shi a sakatariya da ƙofar fada, a ba da lokaci wanda aka tsallake ya kawo kuka. Wanda ke cikin jerin shi ne farkon mai haƙƙi a sabon wuri, a kan kuɗin da sana'arsa za ta iya ɗauka, ana biya kaɗan-kaɗan. Mutum ɗaya wuri ɗaya, kuma shagon da ya yi wata shida a kulle a karɓe a ba mai bukata. Aikin kuma a yi shi sashe-sashe, a gama wannan layi a mai da mutanensa kafin a taɓa na gaba, don mun ga yadda "wurin wucin gadi" ke zama na har abada. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa.

Kada wani ya ce wannan mafarkin ɗalibai ne. An yi shi a wannan nahiya tamu. A birnin Durban na Afirka ta Kudu akwai wata mahaɗar tashoshin mota da jirgin ƙasa da ake kira Warwick, inda dubban ƙananan 'yan kasuwa ke neman abinci a bakin hanya. Daga tsakiyar shekarun 1990 ma'aikatan birnin suka buɗe ofis a cikin unguwar, suka zauna da 'yan kasuwa ƙungiya-ƙungiya suna tambayarsu abin da suke bukata. Masu sayar da magungunan gargajiya aka gyara musu wata gadar mota da aka gina ba a ƙarasa ba ta zama kasuwarsu. Masu dafa kan saniya aka yi musu wurin girki da magudana. Da aka zo a 2009 da shirin gina katafaren kantin zamani a kan tsohuwar kasuwar kayan gwari ta wurin, 'yan kasuwa suka ƙi, suka je kotu, a 2011 aka janye shirin. Abin da ya ba su ƙarfin tsayawa shi ne an riga an san su, an san yawansu, suna da ƙungiya. Mu kuwa ba sai mun ƙirƙiro ƙungiya ba: Sarkin Fawa, da shugaban 'yan hatsi, da na dillalan kara, da na 'yan kamasho, suna nan tun tuni. Gyaran da za mu ƙara shi ne a nemi muryar mata da ta Fulanin ruga kai tsaye, domin a irin wannan zama sau da yawa wani ne ke magana da yawunsu.

Kebbe lamarinta daban ne, kuma a ganinmu ta fi Tambuwal sa'a ta wani fanni. Ba ta kan babbar hanya, tana can kuryar kudu tana iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 120,000, Tambuwal kuwa sama da 220,000, alhali Kebbe ta fi faɗin ƙasa. Wato har yanzu akwai fili, kuma bai yi tsadar da zai gagari hukuma ba. Yau ne ranar shata hanyoyin ƙafa daga unguwanni zuwa kasuwa, a keɓe wurin tasha da kara da makaranta, a dasa itatuwa a kan layin tun kafin a yi gini, domin ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Matsalar 'yan bindiga da ta addabi sassan yankin a 'yan shekarun nan ta sa mutanen ƙauyuka na matsowa cikin gari, kuma wanda ya baro gonarsa ba shi da abin kamawa sai tebur da tire. In ba a tanadar musu wuri ba za su zauna inda suka samu, gobe kuma a zo a ce sun tare hanya.

Wa ke da alhakin duk wannan? Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya faɗa ƙarara cewa kafa kasuwa da tasha da mahauta da bandakin jama'a, da kula da su, aikin ƙaramar hukuma ne. Shekara da shekaru uzurin da ake bayarwa shi ne kuɗi na maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jiha. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko an cika hukuncin ko ba a cika ba, tikitin da ake yanka wa mai tumatir kowace ranar kasuwa bai taɓa bi ta Abuja ba. Muna da ikon tambaya nawa ake tarawa a shekara, nawa ne ya koma kasuwar a matsayin rijiya ko kwalbati. A liƙa lissafin a allo a ƙofar kasuwa kowane wata uku. Ba a bukatar ɗan kwangila don wannan.

Ku kuma 'yan'uwanmu da kuka riga mu kama aiki a ma'aikatar ƙasa da safiyo, da sashen ayyuka na ƙananan hukumomi, ku ne za a miƙa wa fayil ɗin. Mun san ƙaramin ma'aikaci ba ya musu da mai gidansa, ba kuma muna cewa ku jefa aikinku cikin haɗari ba. Amma rubuta a gefen fayil cewa ba a ga jerin 'yan kasuwar da abin zai shafa ba, wannan yana cikin aikinku, kuma layi ɗaya irin wannan yakan tsayar da katafila wata uku. Kafin ku zana, ku bar babur a sakatariya, ku tako daga tasha zuwa kasuwa da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, in da hali da buhu a ka.

Mu ɗalibai ma akwai namu rabon. Ƙungiyar ɗaliban Tambuwal da Kebbe tana da masu karatun labarin ƙasa, da tattalin arziki, da lauya, kuma kowace shekara muna neman abin da za mu rubuta kundin kammala karatu a kai, har mu ƙare da kwafar na wasu. Ƙidayar da muke kira a yi, mu za mu iya fara ta a hutun da ke tafe. Mutum ashirin, littafin rubutu ashirin, wayar da ke nuna taswira, ranar kasuwa huɗu a jere. Mu fara gaida Sarkin Kasuwa mu nemi izininsa, mu bayyana wa mutane cewa ba daga ofishin haraji muke ba, mu kuma tafi da 'yan'uwanmu mata don su zauna da masu nono da masu daddawa. Kwafe ɗaya a kai wa shugaban ƙaramar hukuma, ɗaya fada, ɗaya kuma a bar shi a hannun 'yan kasuwar.